Aminin Kaftin Mai Gemu

A duk garin Šibenik na bakin teku babu wanda ya san jirgin ruwan shaƙatawa kamar Barba Duje, wato Baffa Duje wanzami. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma da yake aska na hannunsa lokacin da yake faɗar, ba a cika samun mai musu ba.

A cewarsa, ya shiga jirgin da ake kira Sarauniyar Asuba har ya daina ƙirgawa. Kaftin ɗin jirgin a wancan zamani, shekaru goma baya, wani ƙato mai gemu har ƙirji, amininsa ne, tare suke cin kifi. Ran da Duje ya makara wajen sayen zaitun a tsibirin Korfu, jirgin ne ya tsaya jiransa.

"Kai Duje, ka ji tsoron Allah," in ji Stipe mai shagon kofi. "Ko a kwale-kwalen kamun kifi ban taɓa ganinka ba."

"Wanda ya saba da jirgi mai hawa goma sha biyu, me zai yi da kwale-kwale, kai tsohon banza?"

Da bazara wata mata mai suna Vinka ta tare a layinsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce ta yi ritaya daga aikin sufuri, Duje ya yanke a ransa cewa tikitin mota take sayarwa a tasha, bai kuma tambaya ba, don tambaya tana cin lokacin magana. Kullum da yamma tana zama a shagon Stipe, ta fara duban sararin sama, sannan ta saurari labarin kaftin mai gemu. Ba ta taɓa katse shi ba. Kafin kaka Duje ya fara yawo da zoben marigayiya mahaifiyarsa a aljihu.

Sai rannan ta ce, "An ba ni tikiti biyu na Sarauniyar Asuba kyauta. Tunda ka san hanya, ai sai ka raka ni."

Duje kuwa bai taɓa taka jirgi ba. Duk tekun da ya sani, daga bakin masu zuwa aski ya tsince shi. Amma ya ga in ya ce a'a, zoben zai tsufa a aljihu. Ya gyara gashin baki ya buɗe mata makaranta.

Fasfo, in saura ƙasa da wata shida ya ƙare, a bakin ruwa za a bar ki. Kowane akwati a ɗaura masa suna da lambar ɗaki. Magani da rigar canji su zauna a jakar hannu, don akwati ba ya isa ɗaki sai yamma. Liyafar kaftin sai da baƙar kwat. Dutsen guga da butar lantarki an hana, saboda gobara.

"Amma mu tsofaffin hannu," ya ce yana kashe ido, "cikin safa muke naɗe dutsen guga."

"In ni ce, ba zan yi ba," in ji Vinka.

Ranar tafiya ya zo da akwati uku, ita ta zo da 'yar jaka ɗaya. Masu bincike suka zaro dutsen guga daga cikin safa, suka ce ya karɓa ranar dawowa. Duje ya ce sababbin yara ne, ba su san shi ba. Da suka hau matakala kuwa, wani jami'i mai furfura ya ƙame ya sara. Duje ya ɗaga masa hannu kamar wanda ya saba, amma a ransa ya ce lallai shi Duje ya yi kama da wani babba.

A wajen gwajin rigar ceto ya sa tasa a baibai. Vinka ta juya ta, ta ja igiyar sau ɗaya, ta zauna cif. Da jirgi ya bar gaɓa cikinsa ya fara juyawa. Ta miƙa masa koren tuffa, ta ce ya kafa ido inda ruwa ya haɗu da sama. Ya ce kifin jiya ne. Ta ce lallai kifin ne.

Kashegari aka turo kati: ana gayyatarsu teburin kaftin.

Duje ya sa kwat ɗin da ba ta ga guga ba, zufa na bin bayansa. A teburin nan akwai tsofaffin jami'ai. Da zarar Vinka ta ambaci Korfu ko mai gemu a gabansu, shi ke nan, zai koma Šibenik da akwati uku da dariyar Stipe har kabari. Dabara ɗaya ta rage: ya sami amsarta kafin a buɗe ƙofa.

A bakin zauren cin abinci ya tsaya, ya durƙusa, gwiwa ta yi ƙara, ya fito da zoben.

"Uwargida Vinka, ni ba yaro ba ne, kuma ba ni da komai sai shago da baki. In kin yarda, duka biyun naki ne."

Ta dube shi. Sannan ta miƙo yatsa.

"Na yarda. Duk rayuwata ba a taɓa ba ni dariya kamar a bana ba. Amma da sharaɗi: daga yau ka binne labarin amininka."

"Haba, me bawan Allah ya yi miki?"

Aka buɗe ƙofa. Jami'an da ke teburin suka miƙe tsaye gaba ɗaya, har da kaftin, kuma ba Duje suke kallo ba. Vinka ta gyara masa kwalar kwat, ta saƙala hannunta a nasa.

"A shekarun da kake faɗa, Duje, ni ke tuƙa jirgin nan, ban taɓa jiran kowa a Korfu ba, kuma ban taɓa yin gemu ba."