Yaren da Kamakshi ta zaɓa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Kamakshi magana, mijinta Venkanna yake jiran wannan rana. A asibitocin Haidarabad yanzu 'yar na'ura ake liƙa wa mutum a wuya, magana ta dawo, amma yare ɗaya tak. Sauran sun tafi ke nan.

Yare huɗu Kamakshi take ji. Da likita ta jera mata su, sai ta ɗora yatsa kan Tulu, yaren mahaifiyarta.

"Baba, ba mai jin wannan a gidanku fa," in ji likitar.

Venkanna ya dubi yatsan, bai gusa ba.

"Sa mata, 'yata. Tun aurenmu da yarena take yi mini magana. Yanzu ni zan koya."