Manhajar da Ba Ta San Wasan Jika Ba

Tun da aka kafa dokar tace saƙonnin yara, duk abin da Iya Tabawa ta faɗa wa jikanta Nafi'u sai manhajar wayar ta wanke shi kafin ya isa birni.

Da hantsi ta ɗauki waya. "Kai mijin banza, mai kunnuwa kamar faifai, na yi sabon miji."

Allon ya nuna abin da aka aika: "Kakarka tana gaishe ka."

Muryarsa ta dawo a natse: "Na gode, Kaka." Yaron da a da yake ƙirga mata sauran haƙora.

Ta kira uwarsa. "Saratu, buɗe masa abin nan, ya tsokane ni ko sau ɗaya."

"Iya, nasa saƙon ba a taɓa shi ba. Yadda kika ji shi, haka ya faɗa da bakinsa."