Tabon Babban Yatsa

Karo na uku ke nan Habib yana canza wa kwamfutar nan sikirin, kuma kowane karo baƙin tabon sai ya dawo a kusurwar sama ta dama. Ya duba wayoyin cikinta, ya sassauta murfi, ya kulle ta da hannunsa a durowar shagonsa na Lokuwa. Da safe tabon na nan, kamar an danna da babban yatsa.

Ya kira mai ita, Madam Lidiya. Ta zo, amma ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Madam, irin wannan tabon sai an ɗaga kwamfuta ta sikirin yake fitowa. Ni kuwa ban yi ba."

"Maigidana ne, haka yake ɗaukarta," in ji ta. "Bara muka binne shi a Betso."

Habib ya janye hannunsa a hankali. "To, zo ki ɗauki kayanki."

Ta ja da baya.

"Ka riƙe ta, Malam Habib. Tun da na kawo ta nan nake samun barci. Ashe ba ni yake bi ba."