Alƙasum Zai Ga Zaki

Manzo ne ya kawo zancen, yana tsiyaya shayi a zauren Alƙasum a Tawa. Ya ce a Yamai akwai wani gida inda gwamnati ta tara namun daji: zaki, dorina, kada, har da kifaye masu launi cikin akwatin gilashi, kana kallonsu suna kallonka.

Alƙasum tsohon maharbi ne. Ya yi tashensa a dajin Barmu, ya kashe barewa da gada ba adadi, amma bai taɓa ganin zaki ba, kuma Manzo, da yake taubashinsa ne, ba ya bari ya manta da haka. Farin da aka yi ya kore naman daji, ya koro shi kansa birni. Ga kuma yanar ido ta soma rufe shi, mutum in ya ba da 'yar tazara sai ya koma masa inuwa. An yi an yi ya je gidan likita lokotoro ya duba shi, ya rantse wuƙa ba za ta taɓa idon maharbi ba.

Matarsa Tanna tana jin hirar daga tsakar gida, ta ɗaga murya. "Ba inda za shi. Mutumin da bai ganin ƙohwar ɗaki, mi zai gani Yamai?"

Da ta yi shiru, wataƙila da zancen ya mutu nan. Amma tun aurensu babu abin da Tanna ta taɓa hana Alƙasum bai yi ba. Ya jawo Manzo kusa, ya raɗa masa cewa kafin idon nan ya ida rufewa sai ya tsaya gaban zakin nan, ko inuwarsa ce ya gani.

Suka shiga shiri a ɓoye, komai kuma ya riƙa tafiya daidai. Manzo ya ce ya san direban wata babbar mota mai kai albasa Yamai, zai ɗauke su. Babbar rigar Alƙasum da ta daɗe a ƙasan adaka ya tarar da ita a wanke. Sannan Tanna da bakinta ta ce za ta suna ƙauyen Bambai wajen ɗiyar ƙanwarta, sai ta kwana biyu. Alƙasum ya ɓata fuska, ya yi mata 'yar mita don kada ta gane, zuciyarsa kuwa fari ƙal.

Tana fita da safe shi ma ya fita, Manzo na riƙe da sandarsa. Aka cusa su bisa buhunan albasa tare da sauran fasinja. Tun kafin su kai Ƙwanni ya cika motar da labarin yadda ya yi wa matarsa wayo. Ya kwaikwayi muryarta, ya kwaikwayi tafiyarta yana daga zaune, ya ce tsohuwar nan tana ganin ta fi kowa dabara. Mutane suka yi ta dariya. Wata mata da ke lulluɓe a bayansa ta shaƙe da tari har sai da aka miƙa mata ruwa.

A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da katinsa, don lokacin soja ne, ba a wasa da wannan. Alƙasum ya tuna nasa yana cikin kwallar Tanna. Sai ga Manzo ya zaro shi daga aljihu. Alƙasum ya tambayi yadda aka yi, Manzo ya ce sata ai gādon taubashi ce. Alƙasum ya yi dariya har da hawaye, ya sa masa albarka.

Suka kwana gidan wani ɗan Adar, mutumin ƙasarsu, a Yamai. Washegari Manzo ya ja shi ta wata ƙofar ƙarfe, suka tarar da jama'a zaune a kan bencina. Alƙasum ya shaƙi iska, ya ce shi dai bai ji warin dabba ba, warin magani yake ji. Manzo ya ce kullum sai an fesa wa kejin magani saboda ƙuda. Can ciki wani abu ya yi nishi mai tsawo. Manzo ya ce kura ce. Alƙasum ya ce ya san kukan kura. Manzo ya ce wannan ta birni ce.

Layi ya zo kansu. Aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi, aka zaunar da shi a kujera mai tudu. Wata farar inuwa ta matso, ta gaishe shi da Hausar 'yan lakwal, wato 'yan boko. Manzo ya ce mai gadin zakin ne, kuma doka ce sai an ɗiga wa baƙo ruwa a ido don kada ƙwayar idon zaki ta razana shi. Alƙasum ya ce shi ba a razana shi, amma a ɗiga.

Ya ɗaga kai, ya gyara rigarsa. Daɗi ya kama shi, ya laluɓo hannun Manzo ya matse.

"Kai, Manzo! Da Tanna ta san inda nike yanzu."

Hannu biyu suka dafa kafaɗunsa ta baya, suka danne shi a kujerar da ƙarfin da ya sani sarai, lulluɓi mai warin albasa ya goge masa kunci.

"Na sani, Malam, tun Tawa nike bayanka. Buɗe idon lokotoro ya yi aikinai."