Ɗakin da Mai Gida Ya Ƙi Shiga

Tunda ka ƙagu ka sayi gidan nan don ka ga sabon fenti, zauna ka ji misalin wani tela. Haya ta ishe shi, ga mahaifiyarsa ta tsufa, yana so ya sama mata ɗaki nata na kanta kafin damina ta faɗi. Aka nuna masa wani gidan ƙasa mai soro, an shafe shi da farar ƙasa tas, har ya zaɓa wa tsohuwa ɗakin ƙurya. Dillali ya matsa masa lamba, wai akwai wani mai saye da zai zo bayan la'asar. Tela ya ji tsoron kada gidan ya kuɓuce masa, amma duk da haka ya je ya ɗauko wani tsohon magini ya duba masa.

Magini bai ko kalli farar ƙasar ba. Ya tsuguna ya ƙanƙari gindin katanga da farce, ya ga ko danshi ya ci ta. Ya leƙa indararo ɗaya bayan ɗaya. Ya auna taku nawa ne tsakanin rijiya da masai, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe. Rana tana yi, dillali yana tsaki, tela kuwa ji yake kamar ya janye tsohon ya huta. Duk inda suka shiga mai gida yana gaba yana yabon gidansa, sai da aka zo ɗakin ƙurya ya toge a bakin ƙofa, yana nuni da hannu daga nesa. Magini ya lura da wannan. Ya kuma ga sawun ƙafafun gado a daɓe, an matse shi can jikin ƙofa, an bar tsakiyar ɗaki fayau. Azarar rufin kuwa an yaɓe ta, ido ba ya ganin komai. Sai ya ce zai hau soro ya tattaka, ya nemi mai gida ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya duba masa ko ƙasa za ta zubo. Mai gida ya ce ƙafarsa na ciwo. Tela, don a gama da wuri, ya ce shi zai tsaya, ya shige ya tsaya daidai inda ya yi niyyar ajiye gadon mahaifiyarsa. Magini ya jingina tsani, ya taka matakala ta farko, ya taka ta biyu, a hankali, idonsa na kan mai gida. Kafin tsohon ya kai ta huɗu, sai mai gida ya miƙa hannu ya fizgo rigar tela.

"Fito daga nan, bawan Allah," in ji shi. "Kai kuma Baba, don girman Allah kada ka hau."

Magini ya sauko, da ma bai yi niyyar hawa ba. Daga bakin ƙofa ya zunguri rufin da sandarsa sau ɗaya. Yaɓe ya ɓalle, azara ta zubo kamar dussa, gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Tela ya daɗe yana kallon tarin ƙasar da ta rufe inda ya tsaya.

Saboda haka in ka je duba gida, duba gindin katanga, duba rufi da hanyar ruwa, amma kada ka manta da duban ƙafar mai sayarwa, ka ga inda take ƙin takawa. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.