Lasifika a Bakin Randa

Ranar sunan ƙanwata, a gidanmu na unguwar Sintali, Bappa Buba, ƙanen Baba, ya kifa lasifikar rediyonmu a bakin tsohuwar randa. Da ya sa kaset, ganga ta fito da nauyi, har ina jin ta a tafin ƙafata. Mata suka ci ɗamara suka shiga fili.

Sai ga Baba, malamin kimiyya, wanda ko suna bai hana shi zuwa aji ba. Ya kasa kunne kamar mai duba jarrabawa.

"Buba, wannan ba makaɗin ba ne. Randa ce ke kiɗa."

Bappa ya ce wa yayan nasa, "To Hamma, randar ma ai ta iya."

Baba ya ciro lasifikar ya ajiye a benci. Kiɗan ya koma siriri kamar kukan sauro.

"Yauwa. Haka mutumin ya buga shi."

Goggo Dija, yayar Baba, ta ce, "Malam, mutumin ne ya zo suna ko mu?"

Matan suka koma tabarma. Baba ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, yana gyaɗa kai shi kaɗai.

Daga baya na yi karatu, na san gaskiyarsa. Rawar nan dai har yau ban yafe ba.