Yana Zaure, Kayan Suna Ɗaki

A majemar da ke Challawa ana cewa shugaban ɗakin gwaji da hanci yake gane fata mai kyau, amma da furfurarsa ya koyi kwamfuta. Kwana uku ke nan yana buɗe shafin intanet da suke rubuta umarni a ciki, jan rubutu yana ce masa babu fayil. Fayilolin na sakamakon gwajin ruwan rini na wata guda ne, gobe kuma masu duba muhalli za su zo. Ya gaya wa manaja mataimakiyarsa ce ta goge, aka dakatar da ita.

Da ta zo kwashe kayanta, ta leƙa allon kwamfutarsa.

"Malam, ku ɗan matsa."

"Me ya rage da za ki goge?"

Ta buga gajeren layi ɗaya. Fayilolin suka jeru, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Duk sanda shafin nan ya mutu ya tashi, a zaure yake ajiye mutum, sai an ce masa ya shiga foldar aiki, wato ɗakin da fayilolin suke. Kullum ni nake buga layin kafin ku iso. Litinin ce kawai na makara, tun ranar kuka hana ni taɓa injin."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

A bakin get ya cim mata, ma'aikata suna canjin aiki. Bai rage murya ba.

"'Yata, na yi miki ƙazafi a gaban manaja. Don Allah ki yafe mini."